Tambaya da Amsa: Kaya Sun Cika Gida, Ƙarfi Kuma Ya Ragu

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taru ne a kan magana guda, wato yadda dattijo zai yi da tarin kaya da faɗin gida bayan 'ya'ya sun watse. Mun zaɓi uku, dukkansu daga birnin Kumasi na ƙasar Ghana, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 69, ina zaune a unguwar Aboabo a gidan bene da maigidana ya gina da kuɗin fataucin goro. Allah ya yi masa rasuwa shekara huɗu da suka wuce. 'Ya'yanmu shida duk sun yi aure: biyu suna Accra, ɗaya yana Jamus, ɗaya tana Amurka, biyu kuma suna nan Kumasi a gidajen mazajensu. Ni da wata jikata 'yar sakandare ne kaɗai muke kwana a sama, gwiwoyina kuma sun kai ga a kan kujera nake sallah, hawan matakala ya zame mini aiki. Ɗakuna uku na ƙasa a kulle suke, cike da kwalla da samira na jerena, akwatunan atamfa, keken ɗinki, kayan marigayi da ban taɓa ba tun da na fita takaba, da gangunan da yaran suka aiko daga waje suka ce a ajiye musu. Babban ɗana ya ce a sayar da gidan in koma wurinsa a unguwar Madina ta Accra, ya tanadar mini ciki da falo. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma na san ba zan iya ci gaba a haka ba. Ta ina zan fara, kuma shin sayar da gidan ne daidai? Daga wata Hajiya, Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Alhaji da rahama, ke kuma ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Tambayoyi biyu kika haɗa, ta kaya da ta gida, kuma shawarata ita ce a raba su, a gama da ta kaya tukuna, domin wanda ɗakuna uku na tarkace suka danne wa zuciya yakan yarda a sayar da gida ba don sayarwar ce mafita ba, sai don ya huta da ganinsu.

Masu ba da shawara a kan wannan batu sukan ce mutum ya ɗauki kowane abu ya tambayi kansa ko yana bukatarsa. A gidajenmu na zango akwai tambayar da ta riga wannan, ita ce: abin nan na wane ne? Daga wasiƙarki kaɗai na ga kayan mutum iri uku a ɗakunan nan, naki da na marigayi da na 'ya'ya, kuma ba zan yi mamaki ba idan aka tarar da na huɗu, wato ajiyar mutanen waje, tunda tsohon bafatake ba ya rasa wanda ya ba shi amana.

Mu fara da na marigayi, domin su ne suka fi nauyi a shari'a ko da ba su fi yawa a ɗaki ba. Tun ranar da Alhaji ya cika, rigunansa da agogonsa da rediyonsa sun tashi daga nasa sun koma na magada. Ba ki faɗi ko an raba gado ba, amma yadda kika ce ba a taɓa kayan ba ya sa nake zaton ba a raba ba. Tsarin Musulunci sananne ne: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba abin da ya rage, inda matar da mijinta ya bar 'ya'ya take da tumuni, idan kuma akwai abokiyar zama su raba tumunin a tsakaninsu. Saboda haka ko babbar rigar da kike so ki bai wa ladanin unguwa don ladan ya isa ga mai ita, sai da yardar sauran magada. Abin ba shi da wuya a zamanin nan. A haɗa 'ya'yan shida a kira guda ta WhatsApp, tare da wani ƙanin marigayi ko malamin da gidan ya yarda da shi, a karanto musu abin da ke akwai. Galibi za ki ji sun ce, "Mma, ki bayar kawai," amma a bari kowa ya faɗa da bakinsa 'yan'uwansa suna ji, domin yafewar da babban wa ya yi a madadin ƙanwarsa ba yafewa ba ce. Idan kuka ci karo da littafin da yake rubuta ciniki, ko da ajami aka rubuta shi kuma tawadar ta koɗe, kada a jefar da shi. Fataucin goro a kan amana da bashi yake tafiya, kuma a irin wannan littafi ne akan gano cewa wani a Kano ko Legas yana bin marigayi kuɗin huhu biyu, ko kuwa shi ne yake bin wani.

Maganar kayan 'ya'ya gajera ce, ko da yake na san ita ce za ta fi yi miki nauyin faɗa. Bai dace uwa ta riƙa hawa bene da ciwon gwiwa ba alhali ɗakunan ƙasa sun zama sito na mutanen da ke Jamus da Amurka. Ki sa a buɗe gangunan a nuna wa kowa nasa ta bidiyo, sannan ki yanka musu wa'adi mai suna, misali zuwa Babbar Sallah, cewa wanda yake son kayansa ya turo a kwashe, wanda kuma bai turo ba ya ba ki izinin bayarwa. Wa'adin "in kun samu hali" ba ya cika. Ina kuma kusan tabbatar miki cewa wasunsu sun manta abin da suka zuba a ciki.

Sai naki na kanki, inda babu mai iko sai ke. Kada ki ɗaura niyyar gamawa a mako guda, kuma kada ki tara matan unguwa gayya, domin a cikin hayaniya ne abin kirki yake ɓacewa, abin banza kuma ya koma ɗaki saboda wata ta ce "ai wannan da sauransa." Ki zauna a kujera da hantsi, jikarki tana ɗaukowa tana buɗewa, akwati ɗaya ko kusurwa ɗaya a zama guda. Ki fara da abin da bai taɓa zuciya ba, kamar robobin da suka fashe, da fankar da ta mutu, da katifar da ta lotse, ki bar hotuna da kayan aure zuwa ƙarshe, lokacin da hannu ya saba da saki. Sharaɗi ɗaya ne ba na so a sassauta: kada wani abu ya fita daga gidan ba a buɗe shi ba, a lalube aljihun kowace riga, a zazzage kowace jaka. Na taɓa halartar irin wannan aiki a wani gida a Asawase, inda aka sauko da saitin kwalla daga saman kabad za a miƙa wa mai sayen ƙarfe yadda yake. Wata yarinya ce ta tsaya buɗe murafen ɗaya bayan ɗaya, sai ga ƙullin hankici a cikin 'yar ƙaramar ta ƙarshe, a ciki akwai 'yan kunnen zinariya da ɗaurin tsofaffin takardun sidi dubu goma-goma, irin waɗanda aka daina karɓa bayan canjin kuɗi na 2007, lokacin da sidi 10,000 ya koma sidi 1. Mai ajiyar tana zaune a wurin, kuma ta rantse ta manta da su.

Game da atamfa, ki tuna cewa Kumasi gari ne mai damina biyu da laima mai yawa, kuma turmin da ya shekara ashirin a ninke cikin akwatin ƙarfe yakan yi funfuna, tsatsa ta ci gefensa, ya riƙa yagewa a kan layin ninki ko da 'yar Holan ce. Wadda kike so ki ɗaura, a kai wa tela yanzu. Wadda kika ajiye don lefen jika ko kayan ɗakin wata, ki miƙa wa uwarta ta ci gaba da ajiyar. Kwalla da samira kuwa sai an yi haƙuri da gaskiya: a zamaninku su ne darajar ɗakin mace kuma su ne asusunta, amma amaren yau ba su da wurin jera su, kuma idan kika tilasta wa 'ya'yanki mata su karɓa, daga ɗakinki za su koma ƙarƙashin gadonsu. Ki zaɓi saiti ɗaya ko biyu da kika fi ƙauna su zauna inda idonki zai riƙa ganinsu. Manyan tukwane da bahuna suna da masu so, domin babu unguwar da ba a suna da biki da dafa abincin buɗa-baki, kuma mace mai sayar da tuwo ko waake (shinkafa da wake) za ta yi murna da su fiye da kowa. Keken ɗinki idan yana aiki jari ne ga yarinyar da ta gama koyon ɗinki ba ta da abin fara sana'a. Abin da ya lalace a kai shi ma'auni wurin masu sayen ƙarfe, a ware dalma da tagulla daban domin farashinsu ba ɗaya ba ne da na baƙin ƙarfe. Abin da kuma ya zama shara a kira shi shara, a ba masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, su kai juji, kada a tura shi rafin Aboabo, kada kuma a ɗora wa talaka shi da sunan sadaka, domin aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya nufi mummuna ya bayar alhali shi kansa ba zai karɓe shi ba sai ya runtse ido.

Inda nake so ki yi taka-tsantsan shi ne kyautar abu mai daraja ga 'ya'ya, musamman zinariya. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta ban da 'yan'uwansa kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida, shi ne madogarar malamai wajen umartar iyaye su yi adalci a tsakanin 'ya'ya. Sannan a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Idan kika ce "sarƙar nan ta wance ce" amma ta ci gaba da zama a adakarki har ta Allah ta kasance, ta koma gado, kuma wasiyya ba ta halatta ga magaji sai in sauran sun yarda. Don haka wadda kika yi niyyar bayarwa ki bayar hannu da hannu kina da lafiya, a gaban shaidu, sauran 'ya'yan suna sane. Idan akwai likkafani da ruwan Zamzam da kika tanada, kamar yadda iyayenmu da yawa suke yi, ki nuna wa mutum biyu inda suke.

Takardu kaɗai ne ba a rage su. Takardar da sarki ya bayar ta fili, da ta ciniki, da taswirar filin, da rasit na kuɗin ƙasa da na harajin gida da ake biya wa ƙaramar hukumar Asokore Mampong, da shaidar aure da ta rasuwa, duk a tara su a jakar roba guda, a ɗauki hotonsu a tura wa kowane ɗa. Har tsohon fasfo da takardar haihuwa da rasit na iyaye da kakanni a adana. Zama ɗan ƙasa a Ghana ta iyaye da kakanni ake bin sa, kuma mutanen zango, waɗanda ba su manta da korar baƙi ta 1969 ba, sun san yadda ake tsare su da tambayoyi wajen neman fasfo ko katin ɗan ƙasa. Wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa tana iya raba jikanki da doguwar gardama.

Yanzu sai gida. Abu na farko, ba naki ba ne ke kaɗai, kuma ba na babban ɗanki ba ne. A Musulunci kowane magaji yana da rabonsa a ciki. A dokar ƙasa kuma, dokar gado ta 1985 da aka fi sani da PNDC 111 ta ce idan mutum ya rasu bai bar rubutacciyar wasiyya ba, kuma gida ɗaya ya bari, matarsa da 'ya'yansa ne suka mallake shi tare. Kafin a sayar sai an karɓo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Ƙari a kan haka, mafi yawan filayen Kumasi na sarauta ne, haya ce ta dogon lokaci mutum yake riƙe da ita, galibi ta shekara 99, don haka mai saye zai tambayi shekarun da suka rage, kuma sai an nemi amincewar masu ƙasa. Wannan aiki ne na lauya da watanni, ba abin da za a ƙulla a waya ba.

Abu na biyu, ina jin tsoron mayar da gida kuɗi ga mai shekarunki. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 50 cikin 100, kuma a farkon 2023 mun ga tsofaffi 'yan fansho suna tsayuwa a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra saboda ajiyarsu ta takardun lamunin gwamnati. Idan aka sayar aka raba a tsarin Musulunci, tumuni ne naki, kuma tumunin da ke banki yana narkewa, alhali ɗakin da ake haya kuɗinsa yana bin farashi. Ban ce niyyar ɗanki ba ta da kyau ba, hasali ma ɗa nagari ne yake tanadar wa uwarsa wuri. Sai dai abin da za ki bari a Aboabo ba gini ba ne kawai: maƙwabtan da za su leƙo idan ba su ji motsinki da asuba ba, da Islamiyyar da kike zuwa, da 'ya'yanki mata biyu da ke kusa. A Madina kuwa ɗanki da matarsa za su fita aiki tun da sassafe, su dawo bayan magariba saboda cunkoson hanya.

Abin da nake ganin ya fi shi ne ki rage gidan ba tare da kin bar shi ba, wato ki sauko ƙasa. Idan ɗakunan nan uku suka zama fili, biyu su zama ciki da falonki, ɗaya na jikarki. A gyara banɗaki kusa da ɗakin kwana, a sa masai na zama, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a sauya tayil mai santsi, a ajiye fitila mai caji kusa da gado saboda ɗaukewar wuta, domin faɗuwa a banɗaki ko a matakala ita ce take kwantar da tsofaffi da yawa da karayar ƙugu. Saman kuma a ba da haya da yardar magada, a rubuta ko sun bar miki kuɗin hayar ne ko za a riƙa rabawa, a sa wa 'yan haya mitar wutarsu daban. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata shida, kuma ko ba don doka ba, karɓar na shekara biyu a dunƙule yana nufin a cinye shi a wata uku, a zauna sauran lokacin babu abin shigowa. Abu ɗaya ne zai sa in janye wannan shawara: idan gidanku yana cikin layukan da ruwa yake shiga ɗakunan ƙasa da damina, to sai an ɗaga daɓe an gyara magudana kafin ki sauko, in kuma ba zai gyaru ba, maganar ƙaura ta taso da gaske. Ko a lokacin, ki fara zuwa Madina baƙunta ta wata uku, gidanki yana nan a kulle, ki ga yadda zaman zai karɓe ki.

TAMBAYA: Mahaifina malamin zaure ne a Sabon Zango, ya haura shekara 80. Ɗakinsa ya cika da littattafai da takardu da alluna, haɗe da matattun rediyo, tsofaffin jaridu, gwangwanaye da kwalaben magani, har da ƙyar ake samun wurin taka ƙafa. Duk wanda ya taɓa masa abu sai ya yi fushi. Zai tafi Maulidi a garin Prang na 'yan kwanaki, ni da ƙannena mun shirya mu share ɗakin kafin ya dawo. Ko akwai laifi? Daga wani ɗa, Sabon Zango.

AMSA: Akwai laifi, ɗan'uwa, kuma ina roƙonku ku fasa. Kayan nasa ne, yana raye, yana cikin hankalinsa, kuma kwashe dukiyar mutum a bayan idonsa ba ya zama halal don mai kwashewar ɗansa ne. Ban da haka, abin da za ku samu tsabtar mako biyu ce, abin da za ku rasa kuma yardarsa ce, domin daga ranar zai sa wa ɗakin kwaɗo, ya daina tafiya ko'ina, ya kuma ƙara ɓoye abubuwa.

Ku raba abin da yake haɗari da abin da kawai ba ya yi muku kyan gani. Haɗari shi ne rashin hanya daga gado zuwa ƙofa, da tarin takarda kusa da soket ko inda ake kunna maganin sauro, da magungunan da wa'adinsu ya wuce a haɗe da waɗanda yake sha, da ɓeraye. A kan waɗannan za ku tsaya, cikin ladabi amma ba ja da baya. Matacciyar rediyo a kan kanta ba ta cutar da kowa, ku ƙyale masa ita. Kuma kada ku je masa da maganar zubarwa, ku je da maganar gyara: "Baba, muna so mu yi wa littattafan nan kanta kada gara ta ci su." Malamin da zai yi faɗa a kan jarida ɗaya zai ba da hannu idan ya ga littattafansa ake girmamawa, kuma a cikin ɗaga littattafai ne gwangwanaye suke samun hanyar fita. Idan maganarku ba ta shiga, ku nemi babban almajirinsa ko abokinsa na ƙuruciya, ko ku tura jikan da ya fi so ya zauna yana tambayarsa labarin kowane abu.

Takardun ne suka fi damuna, domin a idon wanda bai karanta ba, rubutun hannu mai daraja da tarkacen takarda kamarsu ɗaya. A gidajen malaman ƙasar nan akwai kwafe-kwafen fiƙihu da waƙoƙi da wasiƙu da salsalar malamai da aka gada tun zamanin da garin Salaga yake cibiyar fataucin goro, har da waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, na Larabci da na Hausar ajami. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai a shekarun 1960 tana ɗaukar kwafin irin waɗannan rubuce-rubuce saboda darajarsu. Yawancinsu warwara suke, ba a ɗinke ba, a cikin gafaka ko tsakanin kwali biyu, kuma ba su da lambar shafi, sai kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba. Idan kuka zube su wuri ɗaya kuka tattara, mai yiwuwa babu wanda zai iya mayar da su sai shi. Kada a manna musu salatif, kada a kulle su a leda inda za su yi gumi, a ɗaga su daga ƙasa da jikin bango, a ɗauki hotonsu shafi-shafi yana zaune yana faɗin sunan kowane littafi da wanda ya karanta shi a wurinsa. Ku kuma tambaye shi wanda yake so ya riƙe su a bayansa, ko waƙafi yake so ya yi wa makaranta, a rubuta. Shafukan Alƙur'ani da suka yage har ba sa karantuwa, a ƙona su a wuri mai tsabta a binne tokar, ko a binne su inda ba a takawa, kuma kada takarda mai sunan Allah ta bi jaridu zuwa wurin masu ƙunshe ƙosai.

Akwai abu ɗaya da za ku lura da shi. Idan tara tarkacen sabon hali ne da bai saba ba, kuma ya zo tare da mantuwa, da zargin mutane da sata, da ɓata a hanyar da ya sani, to ku kai shi asibiti a duba shi, domin ciwon mantuwa na tsufa yakan fara da haka, kuma ciwo ne, ba sammu ko rigima ba.

TAMBAYA: Na yi ritaya daga aikin koyarwa shekara biyu da suka wuce, kuma fanshon SSNIT, wato hukumar fanshon ma'aikata ta ƙasa, ba ya isar mini kula da gida mai ɗaki biyar da na gina a Sawaba bayan aurenmu. Na sami mai saye, ina so in sayi ƙarami a bayan gari, amma uwargida ta ƙi. Sunana ne kaɗai a takarda. Zan iya ci gaba da cinikin? Daga wani Malam, Sawaba.

AMSA: Malam, sunanka a takarda bai wadatar ba. Sashe na 47 na Dokar Filaye ta 2020 ya hana miji ko mata sayar da fili ko gidan da aka saya a cikin zaman aure, ko jinginar da shi, ko ba da shi haya, sai da rubutacciyar yardar ɗayan, in dai ba akwai wata yarjejeniya a rubuce tsakaninsu ba. Dokar ta kuma ce kada a hana yardar ba tare da dalili ba, amma mai saye da ya san abin da yake yi zai nemi sa hannun uwargida, kuma cinikin da aka ƙulla ba da shi ba yana iya ƙarewa a kotu.

Lissafinka na rage gida ba laifi ba ne, sai dai ban ga inda ka faɗi dalilin ƙin nata ba, kuma ina zaton ba ka tsaya ka ji shi ba. Mace da ta shekara talatin a unguwa tana da sana'arta da adashinta da mutanenta a nan, kuma bayan gari yana nufin nisa da kasuwa da asibiti a daidai shekarun da za ku fi bukatar asibitin. Ku zauna ku rubuta abin da zai rage a hannu bayan la'adar dillali da kuɗin lauya da na gyaran sabon wuri da na kwasar kaya, ku gwada shi da abin da za ku samu idan kuka toshe ƙofa ɗaya kuka fitar da ɗaki biyu haya. Idan bayan haka kun yarda ku biyun a sayar, kada ka karɓi kuɗin kowa sai ka sami gidan da za ku koma, ita ma ta je ta gan shi da idonta, an kuma bincika takardunsa a Hukumar Filaye an tabbatar ba a sayar wa wani shi ba.